Sungumin Haske, Wanda Haske Bai Taɓa Gani Ba

To ku aje wayoyin ga ku saurara, tunda kun tambayi ko wane na Haske. Kun dai san sungumin Haske, kuna ganinai kasuwar Filinge jingine ga bango, da gwangwani ga wuya da suna buge bisa ƙarhe. To Haske bai taɓa ganin sungumin ga ba. Ya daɗe cikin ƙasa kahin a ƙera na hwarko. Mai abin jikanai na, Isufu maƙeri, na wani ƙauye kusa ga Tabla.

Isufu gajere na, mai hwaɗin ƙirji, ido guda ya mutu tun ran da tartsatsi yah hwaɗa mai shina saurayi. Da ɗayan shike kallon mutane, kuma ba kallon daɗi ba. In ka yi mai sallama sai shi dubi hannunka kahin shi dubi huskarka. In ka yaba aikinai sai shi ja tsumma shi ruhe abin da kay yaba. In ba ka yaba ba, shi ce shirun da kay yi haddace aikin kake. Matatai Jummai takan ce ko akuya tal leƙo maƙera sai ya tambayi wanda ya aiko ta. Amma ba haka anka haihe shi ba. Sungumin ga yam maishe shi haka.

Bayan babbar yunwar nan da shanu sunka ƙare, maza sunka watse bida. Wasu Yamai, wasu Kurmi can bakin teku, wasu Najeriya. Damana taz zo gari ba kowa sai mata da dattawa. Shuka kuwa aikin mutum biyu ta, guda gaba shina sara da sungumi, guda baya shina zuba iri shina ruhewa da diddige. Kuma rairayin ƙasar ga ta Kurfai ba shi jiran kowa. In ruwan shuka ya sauka, kahin ka juya damshi ya gudu. Mace ita ɗai sai ta yi sara har ƙarshen gona, ta komo zuba iri ta tarar ramun hwarko sun bushe, iska ta cike rabi.

Haka Isufu yat tarar da Ruƙayya, matar wanai da yat tahi Kurmi bai komo ba. Tana zaune tsakar gona da jinjiri goye, Bilal kenan, ƙwaryar iri gaban ta, ta rasa ta inda za ta kama. Isufu yak komo gida yak kewaye maƙera da zana, da rana tsaka lokacin da kowa ke kwance inuwa, yak kira Jummai yac ce ta zauna ga zuga-zugi. Mace ba ta zama nan, kun sani, amma yac ce ba shi son idon wani namiji bisa abin da za shi gwada.

Gwangwanin tumatir yas samu, da ɗan bututu na tsohon keke. Yaɗ ɗaure su ga wuyan sungumi, yay yi ɗan marhi ga bakin bututun, wanda in ka sara ƙasa girgizar ke buɗe shi, iri shi zubo cikin rami, ka taka da diddige ka wuce. Mutum guda, aikin biyu. Na hwarkon da sunka gwada bayan gida, sara guda yaz zubar da iri duka, kajin unguwa sunka bi su har ƙohwar ɗaki. Jummai tay yi dariya har da hawaye, shi kuwa yay yi hushi yac ce dariyarta za ta tara musu jama'a. Haka dai, shi gyara shi ɓata, har abin yaz zauna. Yak kai ma Ruƙayya. Tash shuke gonarta ita ɗai kahin damshi shi gudu.

Sai magana tat tashi. Wasu sunka ce irin da bai bi ta hannun mutum ba ba shi da albarka. Wasu sunka ce ƙaƙa gwangwani yas san lokacin da za shi saki iri, in ba wani abu anka sa ciki ba. Kun san dai yadda ake kallon maƙera, mutanen da ke wasa da wuta ba ta cin su. Kuma iri na, ba wasa ba, ɗan abin da yunwa tab bari, wanda mutane sunka ɓoye suna kallon ɗiyansu na kuka ba su daka shi ba. Mai gari yas sa anka kira Isufu gindin gawo, dattawa na zaune, anka aje sungumin tsakiya ba mai son taɓa shi. Anka ce shi hwaɗi inda yas samo wanga abu.

To nan ga akwai abin da ku yaran yanzu ba ku sani ba. Maƙeran ƙasar ga ba su cewa ni nih hwara. Komi mutum yaƙ ƙera, cewa shike haka nit tarar. Ƙira gado ta. Wanda yat tashi cikin mutane yac ce ya zo da abin da kakanninai ba su sani ba, ya ce ya hi su kenan, ya jawo ma kainai baki, kuma ba manomin da za shi zuba irinai cikin abin da ba shi da asali. Isufu ya san haka tun shina hura wuta gaban babanai. Shi ya sa yas sunkuyar da kai yac ce kakanai Haske ke ƙera irinsu zamanin da, shi ma guda yag gani cikin tarkacen tsohon shina yaro. Yac ce an bar su na don lokacin mutane na da yawa gona, yanzu da hannu yay yi ƙaranci yat tuna.

Sai wani tsoho Alu, wanda ido ya kusa barinai, yag gyara murya yac ce lalle kuwa ya tuna. Yac ce da idonai yag ga Haske da irin wanga sungumi, sai dai nashi ɗan duma garai maimakon gwangwani. Shi kenan, huskoki sunka saki. Mai gari yam miƙa hannu yaɗ ɗauki sungumin yaj jijjiga shi, yac ce Allah shi jiƙan Haske. Kowa yac ce amin.

Isufu yak komo gida. Yaz zauna shina ta juya maganar Alu, har yat tambayi Jummai ko dai da gaske Haske ya taɓa yin irinai, shi bai sani ba.

Tac ce, “Ni niz zuga maka wuta, maigida, ba Haske ba. Kahwaɗata har yau ciwo take.”

Abin yab bazu. Tabla, Filinge, har garin Damana can ƙasar Tondikandiya. Da kaka damen hatsi na shigowa gidan Isufu, don lokacin da hatsi ake sallamar maƙeri. Amma kowane maƙeri na ƙasar ga yak kama ƙera nashi, kuma ba mai zuwa shi ce mai sannu, tunda tsohon abu na, na kowa na. Ranar shuka in ka bi gonaki sai ka ji mata na cewa Allah shi jiƙan Haske, ya hutar da mu. In Isufu na kusa dole shi ce amin, kakanai na. Shekara da shekaru shina cewa amin ga nan. Jummai tac ce duk ran da yah hwaɗe ta da yawa, ba shi cin tuwon dare sosai.

Bilal kuwa, jinjirin nan na goye, hannun Isufu yat tashi, don ubanai bai komo ba har yau. Isufu yak koya mai ƙira tun daga riƙon awartaki. Da yaz zama magidanci yak koma Filinge yab buɗe atiliye, wato shagon ƙira irin na zamani, yas sai injin liƙin ƙarhe mai aiki da lantarki, shina hitar da sungumin Haske ranar kasuwa guda hiye da abin da Isufu ke yi damana duka. Ba sata yay yi ba, an koya mai na. Amma Isufu cewa shike yaron da ido yak kwashe shi. Tun daga nan zanar nan ta maƙera ba ta sake sauka ba.

Sungumin kuwa na da aibi guda, duk wanda yay yi shuka da shi ya sani. Marhin ba shi da awo. Wani rami shi zuba tuli, wani shi zuba kaɗan. In rairayi na da damshi ƙwarai sai shi toshe bakin bututu, ka bi layi guda kana sara kana takawa ba komi ciki, ba ka sani ba sai shuka ta tsiro ka ga hili. Wanga aibi yat tsaya ma Isufu ga rai har gemu yay yi hwari. Sai can da tsuhwa, ba a daɗe ba, wayoyin ga naku sun riga sun cika gari, yat tsinci karyayyar laima bakin hanyar mota. Da ƙarhenta siriri yay yi abin da yak kira harshe. Ɗan ƙarhe na mai tsalle, da ɗan lotso ga baki, shi ɗebo iri daidai abin da yatsa uku ke ɗauka, shi sake, in za shi koma wurinai shi kankare rairayin da yam manne ga bututu. Wanga karo ma Jummai taz zuga.

Yac ce wanga kam ba mai ganinai. Yan naɗe wuyan sungumin da tsumma, yat tura shi ƙarƙashin damen hatsi cikin rumbu. Ranar shuka sai shi kai shi gonatai ta nesa, ta gindin dutse, in yah hangi mutum tahe shi kwantar da shi shi zauna bisa. Sai dai ya manta shuka na tsirowa. Gonar tat tashi layi-layi ba giɓi, kowane rami daidai da ɗan'uwanai, ba sai an bi ana ragewa ba. Mutane sunka hwara tsayawa bakin gona suna nuni da baki. Isufu yac ce Jummai tak kai labari rijiya. Tac ce ita ko tari ba ta yi ba, shi je shi tuhumi gonatai.

Cikin masu tsayawar nan akwai Ibrah, makiyayin da shanunai ke kwana gonar Isufu da rani suna bar mai taki. Ibrah na da ɗa, Abdulgafar, wanda yay yi lakkol, karatun boko, har yas samu aiki wani buro, wato ofis, can Yamai, inda suke taimakon mutanen da sunka ƙago wani abu sabo. Da bazara, ruwa bai sauka ba tukuna, sai ga Abdulgafar ya sauko taksi da ƙunshin goro. Yat tuɓe takalmi nesa, yad durƙusa bakin zana, yay yi gaisuwa yadda ta kamata.

Isufu bai amshi goron ba sai da yac ce, “Wa ya aiko ka?”

“Ba kowa, Baba. Babana yab ba ni labarin gonarka ta gindin dutse.”

“Babanka shanu yas sani. Tun yaushe yah hwara kiwon hatsina? Wancan idon da ke leƙo ni daga aljihunka kuma na wa na?”

Wayar yaron ta, bakinta mai ɗaukar hoto ya leƙo saman aljihu. Abdulgafar yay yi murmushi yam miƙa ta. Isufu yas sa Jummai tak kai ta ɗaki, tas saka cikin tukunya tar ruhe da hwaihwai. Sannan yac ce to shi yi magana.

Yaron yac ce akwai wata takarda da ake ce ma birebe. Gwamnati ta san da ita, har gwamnatocin wasu ƙasashe. Ita ke shaida cewa wane shi yah hwara yin abu kaza. In mutum ya same ta, shekara ashirin ba mai ƙera abin shi saida sai da yardatai. Bayan nan kowa na iya yi, amma sunan mai shi na nan rubuce, ba mai goge shi. Yac ce tsohon sungumin kam ya wuce, tunda ya daɗe hannun kowa. Amma in akwai wani abu sabo, wanda shi Isufu yay yi da kainai, kuma bai shiga kasuwa ba, wannan ana iya neman mai takarda. Sai dai dole a zana abin duka, a bayyana yadda shike aiki, kuma duk mai so na iya karantawa.

Isufu yaj juya mai idon nan mai kyau. Yac ce wato abin da yaɓ ɓoye cikin rumbu, shi ɗauka shi kai Yamai a baje shi gaban duniya, wai don kada a sace. Abdulgafar yac ce kusan haka na, Baba, ana ɓoye shi na da suna maimakon tsumma. Isufu yat tambaya ko lanho, wato haraji, za a ɗora mai. Yat tambaya ko yaron ya san Bilal. Yat tambaya shi mi za shi samu ciki, don ba a taso daga Yamai saboda Allah kawai. Duk amsar da anka ba shi sai ta haihi wata tambaya. Har la'asar suna nan.

Jummai tak kira Isufu bayan rumbu awa za ta ba shi hura. Tac ce ita ba ta san takarda ba, ba ta san Yamai ba, yaron ma ba ta ba shi gaskiya duka ba. Amma abu guda yah hwaɗa da yash shige ta, maganar suna. Tac ce sun tsuhwa, in sunka mutu su biyu ba wanda yas san wanda yay yi ko na hwarkon, balle wanga.

“Ba ka gaji da cewa amin ba?” in ji ta.

Isufu yah hau rumbu yaz zaro sungumin. Yak kwance tsumma gaban Abdulgafar, amma bai sake shi ba, riƙe shike da hannu biyu. Yas sara ƙasa, harshe yay yi tsalle, iri yah hwaɗa. Yaron yam matso, Isufu yaj ja baya. Abdulgafar yat tambaya a hankali wa yaƙ ƙera wanga. Isufu yad dubi zana, yad dubi hanya, ba kowa. Yac ce, “Ni.” Ƙasa-ƙasa, awa mai hwaɗin abin kunya. Yaron yac ce tsohon sungumin hwa. Sai Jummai daga bayan zana tac ce shi ma maigidanta na yaƙ ƙera shi. Tun ranar gindin gawo ba a taɓa hwaɗin haka gaban wani ba. Abdulgafar yac ce to gobe da sahe za shi komo su hwara, abin da ake so Isufu shi maimaita da bakinai cewa nashi na. Jummai tac ce ran nan mutumen ya ci tuwo har da ƙari, har ya tsokane ta wai da ba don dariyarta ba da kaji ba su cinye musu iri ba.

To ga inda abin yal lalace. Abdulgafar yaro na mai tarbiyya, ya san baƙo ba shi shigowa gari da magana babba bai bi ta wurin mai gari ba, kada a ce ta bayan gida yab biyo. Da sahe yat tahi yag gaida mai gari, ɗan wancan na gindin gawo, yah hwaɗa mai akwai aikin da za shi yi da Baba Isufu wanda za shi ɗaga sunan gari. Mai gari yaj ji daɗi yac ce ai irin wagga magana da shaidu ake yin ta. Yat tattaro dattawa sunka ɗunguma sai maƙera. Cikinsu har da ɗan tsoho Alu, wanda ba shi da labarin da yah hi so irin na yadda babanai yag ga Haske da sungumin duma.

Isufu na zaune ga uwar maƙera yag ga zana ta buɗe, mutane na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Jiya su biyu, yau gari duka. Nan take zuciyatai tac ce mai tarko na. An ba shi goro, an kira shi Baba, an jawo maganar daga bakinai, yanzu an tara mai ɗiyan mutanen da yat tsaya gabansu yac ce na Haske na, don shi ce ƙarya yay yi ma iyayensu. Shi ce ya hi kakanai. Shi maida Alu maƙaryaci cikin kabari ga ɗanai zaune. Yad dubi aljihun yaron, idon nan ya komo shina leƙe.

Abdulgafar bai lura da komi ba. Yay yi bayani mai kyau, sannan yaj juyo yac ce Baba shi hwaɗa ma jama'a wanda yaƙ ƙera sabon harshen.

Isufu yac ce, “Duk na Haske na. Harshen ma nashi na. Mantawa niy yi da shi, sai da tsuhwa taz zo nit tuna.”

Dattawa sunka gyaɗa kai. Ɗan Alu yac ce ai shi dama ya san za a rina, babanai ya taɓa ambatar wani ɗan ƙarhe. Abdulgafar kuwa yay yi abin da ba a yi, yac ce ma tsoho cikin mutane, “Baba, jiya ba haka kac ce ba.”

“Jiya kunnenka yaj ji abin da shike so,” in ji Isufu. Yaj ja tsumma yar ruhe masaba da awartaki, abin da ba sabo ba ma.

Yaron yac ce in haka na ba abin da za shi iya, ba a neman ma mutum takarda bisa abin da yac ce ba nashi ba. Da marece yak komo shi ɗai, yar roƙa, yac ce laihinai na da yat tara mutane. Isufu yaƙ ƙi hitowa. Yac ce ma Jummai wanga naci kaɗai ya isa shaida, wanda ba shi da wata manuhwa ba shi zuwa sau uku. Jummai ba ta yi mai magana ba har kasuwa taz zagayo.

Kasuwar nan tak kai labari Filinge, cewa ashe akwai sauran gadon Haske da ba a gani ba. Ba a daɗe ba sai ga Bilal bisa babur, da sukari da shayi. Yab biya wurin mai gari shi ma, sunka zo tare. Yad durƙusa gaban Isufu yac ce, “Baba, na ji an ce akwai abin kakanmu da kat tuna. Na zo in gani.”

Kun ga inda ƙahwa tat tsaya. Haske kakan uban Bilal na. In abin na Isufu na, shina iya hana wanda yag ga dama. Amma gadon ƙira ba a ɓoye ma jini, kuma da bakinai yac ce gado na, ga wanda yaj ji zaune. Isufu yat tashi yah hau rumbu da kainai, yak kwance tsumma, wanga karo yam miƙa. Bilal yat taɓa harshen da babban yatsa, yaj juya shi, yal leƙa ƙarƙashi. Maƙeri na, kuma ɗan hannun Isufu, ba shi bukatar hoto. Yam maido yay yi godiya, yac ce Allah shi jiƙan tsoho. Isufu yac ce amin.

Daga ran nan yar riƙe cewa Abdulgafar da Bilal bakinsu ɗaya tun hwarko. Akwai ma wanda yac ce ya gan su taksi guda zuwa Yamai. To amma hanyar guda ta, kowa ita shike bi. Ba wanda yat tabbatar. Shanun Ibrah dai ba su sake kwana gonar Isufu ba.

Damana ta gaba sai ga sungumi mai harshe kasuwar Filinge, an shahe shi da kore, da rubutu buge ga ƙarhe. Wasu na cewa Bilal ya haɗa kai da wani mai babban atiliye Yamai, har sun yi wata takarda tasu. Wasu na cewa ba takardar komi, tambari na kawai. Isufu yas sa rigatai ta Juma'a yat tahi shi gani. Mai saidawa baƙo na, bai san shi ba. Yag ga tsoho na juya sungumi sai yak kama yi mai bayani, ga yadda harshen ke ɗebo iri, ga yadda shike kankare rairayi, irin wanga ba a taɓa yi ba, tsoho. Isufu yas saurara har ƙarshe. Yan nuna rubutun yac ce mi anka sa nan. Mutumen yac ce Haske. Yac ce wane na Haske. Mutumen yac ce shi ma bai sani ba, watakila mai atiliyen na.

Isufu yad danna harshen da yatsa shina neman aibi. Bai samu ba. Aikin ya yi kyau, kuma shi yah hi ci mai rai. Yaj jingine shi ga bango yadda yat tarar, yak komo gida. Bai sake hura wuta ba. Da rani yak kwanta, ciwon ƙirji, bai tashi ba.

Abdulgafar ya zo gaisuwa. Yac ce ma Jummai shi bai hwaɗa ma kowa abin da yag gani ba. Tac ce to, Allah ya sani. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba.

Cikin gari saura ita ɗai tas san gaskiya, kuma ita ta wadda ba ta iya hwaɗin sunan. Tun ran da anka kawo ta gidan ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, haka matan lokacinmu suke. Maigida take cewa, ko mai maƙera. Ko yaron maƙwabta mai wanga suna, mai sunan maigida take kiranai. Da tah hita takaba tak kama hwaɗa ma mata rijiya cewa sungumin ga na maigidanta na, tsoho da sabo, ita taz zuga wuta. Sai su ce haka na, Inna, ai na gidanku na, su ci gaba da jan guga.

Ran wata kasuwa tab bi matan gari zuwa Filinge, tat tsaya gaban mai sungumi da sandarta. Tac ce mai wanga abu da shike saidawa maigidanta yaƙ ƙago shi.

Mutumen yay yi dariya yac ce, “Wane maigida, Inna? Kowace da nata.”

Tak kai bakin mayahi tar ruhe baki. Sannan tas sauke shi tac ce, “Isufu. Isufu maƙeri.” Da ƙarhi, har masu saida albasa sunka waiwayo.

Matan garinsu da ke kusa sunka sadda kai ƙasa don kunya, wata tak kama hannunta tac ce su tahi, rana ta yi zahi. Kahin su iso gida an gama cewa tsuhwa ta taɓa Jummai, tunda har ta kira sunan miji tsakar kasuwa. Mai sungumi kuwa cewa yay yi Allah shi jiƙan shi, yaj juya wurin wani da ke tambayar ko harshen na tsatsa.

Ƙarhen dai har yau Haske shike cewa. Jummai na nan da ranta, ido ya tahi, kunne na nan. Ranar shuka takan sa a kai mata tabarma bakin gona. In taj ji wata tac ce Allah shi jiƙan Haske, ba ta cewa amin sai ta hwara hwaɗin ɗayan sunan, ko da mai ji ko babu.